Sarrafa Giyar Otomatik da Hannu ta Hanyar Wayoyi: Bayanin Aikin da Matsalar Kalmominsa a Hausar Kanikawan Birnin Kano

Tsakure

Maƙalar ta yi bayanin wata dabara ta aikin lantarkin mota, wato haɗa wayoyi da makunni domin direba ya riƙa zaɓar giya da hannunsa a motar jeji mai giyar otomatik, maimakon ya bar wa kwamfutar mota zaɓin. An ɗauki dangin akwatin giya na A340 a matsayin abin misali, domin shi ne ke cikin da yawa daga tsofaffin motocin Toyota masu jan ƙafa huɗu da ake kai wa kanikawan Ƙofar Ruwa da kewayenta. An nuna cewa giya huɗun wannan akwati a kan wayoyi biyu kacal suke rataye, sannan aka fayyace hanyoyi biyu na haɗa wayoyin da kuma wuraren da haɗari yake. Daga nan aka dubi kalmomin da aikin yake buƙata. An nuna cewa Hausar gareji ta wadata da sunayen abubuwan da ido yake gani, amma ta ɗora ma'anoni da dama a kan kalmar "wuta" ita kaɗai, kuma a daidai wannan gurbi ne kuskuren aiki ya fi samun ƙofa.

Fitilun Kalmomi: giyar otomatik, rewaya, Ƙofar Ruwa, kalmomin aro, ƙirƙirar kalmomi

1.0 Gabatarwa

Nazarin sana'o'in Hausawa ya daɗe yana mai da hankali ga sana'o'in gado, irin su ƙira da jima da rini da saƙa da dukanci. Littafin da Philip Jaggar ya wallafa a 1994 a kan maƙeran birnin Kano misali ne na irin zurfin da aka kai a wannan fage. Sana'o'in da suka shigo tare da mota kuwa, kamar kanikanci da walda da faci da rewaya, ba su sami irin wannan gata ba, alhali da Hausa ake koyar da su, da ita ake ciniki a cikinsu, da ita kuma oga yake tsawata wa yaronsa. Inda aka waiwaye su, galibi ana tsayawa ne ga jero kalmomin aro, ba tare da an shiga cikin aikin da kalmomin suke ɗauke da shi ba.

Wannan maƙala ta bi ta ɗaya ɓangaren. Ta ɗauki aiki guda ɗaya, ta bayyana shi da Hausa daga tushe har ƙarshe, domin a ga inda harshen yake tafiya sumul da inda yake tuntuɓe. Aikin da aka zaɓa ya fi shahara ne a tsakanin masu hawan duwatsu da motar Jeep Cherokee a Amurka. Sai dai akwatin giyar da suke yi wa aikin, mai suna AW4, wanda aka sa wa wannan mota daga 1987 zuwa 2001, ɗan gida ɗaya ne da A340 na Toyota. Kamfani ɗaya ne ya ƙera su, wato Aisin-Warner na ƙasar Japan, kuma tsarin wayoyinsu iri ɗaya ne. Ke nan ilimin ya shafi ɗan rewayan Kano kai tsaye.

2.0 Ƙofar Ruwa da Sana'ar Rewaya

Ƙofar Ruwa tana ɗaya daga cikin ƙofofin ganuwar Kano, a ɓangaren arewacin birni, cikin ƙaramar hukumar Dala. Ganuwar, wadda kundin tarihin Kano ya danganta fara gininta ga Sarki Gijimasu (1095–1134), ta zaizaye a wurare da dama, amma sunan ƙofar ya ci gaba da rayuwa a kan kasuwar da ta yi suna wajen ƙarafa da kayan gini da kayan gyaran mota, sababbi da na hannu. A nan da garejojin da ke kewaye an raba aikin mota kashi-kashi: akwai mai inji, akwai mai giya, akwai mai gyaran jiki da mai fenti, akwai kuma ɗan rewaya, wanda duk abin da ya shafi batir da wayoyi da fitilu yake hannunsa. Koyo na gani da ido ne da ji da kunne. Yaro yakan shekara yana miƙa sifana kafin a bar shi ya taɓa waya.

Motocin da ake kawowa galibi na hannu ne, waɗanda suka shigo ta Legas ko ta Kwatano, shi ya sa ake kiran su Tokumbo ko Beljiyam ko 'yan Kwatano, sunan da bai gushe ba ko bayan da gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga watan Janairun 2017. Daga cikinsu akwai manyan motocin jeji da ake yi wa kuɗin goro da sunan jif, kamar 4Runner da Prado da Land Cruiser, da kuma Hilux. Da su ake shiga rairayin arewa wajen Ɗambatta da Kazaure har Damagaram, da duwatsun Riruwai a kudancin jiha, da laka da taɓon fadamun Haɗeja a lokacin damina. Zafin bazara da ruwan damina da ƙura da ɓarnar ɓeraye duk a kan wayoyi suke ƙarewa.

Akwai wata al'adar aiki da ta riga ta zauna a garejojin Nijeriya, wato "haɗa dairek". Idan na'urar da ke kunna fankar lagireto ta mutu, sai a ja waya kai tsaye, fanka ta riƙa juyawa da zarar an murɗa makulli. Sarrafa giya da makunni dangin wannan tunani ne: a tsallake mai ba da umarni, a kai wuta inda ake so. Bambancin shi ne fanka umarni ɗaya take jira, giya kuwa tana da ƙa'idojin da idan aka saɓa su asarar takan yi yawa.

3.0 Yadda Akwatin Giyar Yake Aiki

3.1 Sassa Uku

Giyar otomatik ba sabon abu ba ce. Kamfanin General Motors ya fitar da ita kasuwa a motar Oldsmobile ta 1940, kuma shekaru da dama matsin mai kaɗai ne yake yanke shawarar lokacin canji. A shekarun 1980 aka miƙa wannan shawara ga kwamfuta. Dangin A340, wanda ya bayyana a tsakiyar waɗannan shekaru, yana tsakanin zamani biyu: ƙarfinsa na mai ne, umarninsa na lantarki.

Sashe na farko shi ne kwambata, wata rufaffiyar tukunya cike da man giya da ke tsakanin inji da akwati, a gurbin kuloci. Misalinta kamar fanka biyu ne da ke fuskantar juna: idan aka kunna ɗaya, iskarta za ta juya ɗayar. A nan mai ne a madadin iska. Wannan ne ya sa mota take iya tsayawa cak tana cikin giya inji bai mutu ba. Amma akwai zamewa tsakanin fankokin biyu, zamewar kuma zafi take haifarwa. Saboda haka aka sa wani faifai a ciki da yake ɗaure su su zama abu ɗaya idan tafiya ta miƙa.

Sashe na biyu shi ne haƙoran giya da faya-fayan da ke kama su ko su sake su, waɗanda kanikawa ke kira faiba. Kowace giya tana samuwa ne ta hanyar kama wasu a saki wasu. A A340E, inji yakan juya sau 2.804 kafin sandar baya ta juya sau ɗaya a giya ta ɗaya, sau 1.531 a ta biyu, sau 1.000 a ta uku, sannan 0.705 a ta huɗu.

Sashe na uku shi ne allon hanyoyin mai da ke ƙasan akwati, mai kwararo-kwararo da ƙananan ƙofofi. Aikinsa kamar na mai ban-ruwa ne a lambu: ruwa ɗaya ne, amma ya danganta da bakin da aka buɗe da wanda aka toshe. Hannun giya da direba yake turawa yana buɗe babbar ƙofa, wadda ke raba tsakanin P da R da N da D da 2 da L. Ƙananan ƙofofin da ke raba giya huɗun gaba kuwa, solenoyid ne yake motsa su. Solenoyid naɗin siririyar waya ne da yake zama maganaɗisu idan wuta ta ratsa shi, sai ya ja ɗan ƙarfe ya buɗe hanyar mai.

3.2 Wayoyi Biyu, Giya Huɗu

Tsohon A340 yana da solenoyid uku. Biyu na canjin giya ne, ana kiran su S1 da S2. Na uku, SL, shi ne yake ɗaure kwambata. Kowanne waya ɗaya ce take zuwa masa daga kwamfuta, ɗaya ƙarshen kuma yana manne da jikin akwati. Kwamfuta tana duba gudun mota da yadda aka taka totur, sannan ta aika da bolt 12, wato wutar batir, ko ta hana. Tsarin shi ne:

Giya ta ɗaya: S1 a kunne, S2 a kashe.
Giya ta biyu: S1 a kunne, S2 a kunne.
Giya ta uku: S1 a kashe, S2 a kunne.
Giya ta huɗu: S1 a kashe, S2 a kashe.

Wannan jeri shi ne ginshiƙin dukkan aikin. Abu biyu masu hali biyu-biyu suna ba da haɗi huɗu, kowane haɗi kuma giya ce. Akwatin bai san wanda ya aiko da wutar ba. Ko kwamfuta ce, ko ɗan yatsan direba, amsarsa ɗaya ce.

Layi na ƙarshe yana da muhimmanci na musamman. Tunda rashin wuta a wayoyin biyu yana nufin giya ta huɗu, duk ranar da fiyus ya ƙone, ko soket ya yi tsatsa, ko ɓera ya ci waya, motar da ke kan D za ta yi ƙoƙarin tashi da giya ta huɗu. Direba zai ce mota ta yi nauyi, ba ta ja, sai ihun inji. Wanda bai san jerin ba zai yanke hukuncin cewa faiba ta ƙone, a sa mai mota ya sayi akwati sukutum, alhali laifin na waya ne. Littafin gyara na Toyota ya tanadi gwaji mai sauƙi: a cire soket ɗin solenoyid, a tuƙa da hannun giya. Idan L ta ba da giya ta ɗaya, 2 ta ba da ta uku, D ta ba da ta huɗu, to cikin akwati lafiya lau yake, sai a koma kan lantarki. Lafiyayyen solenoyid yakan nuna om 11 zuwa 15 a mita. A tsofaffin motoci, fitilar da ke nuna an kashe giya ta huɗu takan ƙyafta lambar laifi: 62 na S1, 63 na S2, 64 na SL. A motocin da aka ƙera wa kasuwar Amurka daga 1996, ana jona na'urar bincike ne, ta nuna lamba irin su P0753 da P0758.

4.0 Dalilan Karɓe Ragama daga Kwamfuta

An tsara tunanin kwamfuta ne domin kwalta da tsimin mai, don haka tana gaggawar hawa giya ta sama. A cikin rairayi wannan gaggawa illa ce. Ƙafafu suna juyawa da sauri a wuri ɗaya, kwamfuta ta ɗauka gudu ake yi, ta hau giya, ƙarfi ya faɗi, mota ta nutse. A cikin laka kuwa matsalar akasin haka ce: ƙarfin giya ta ɗaya ya yi yawa, ƙafa tana zamewa tana haƙa rami, gara a tashi da ta biyu. Toyota kanta ta san da haka, shi ya sa ta sa maɓallin tashi da giya ta biyu a wasu Land Cruiser da Prado. A Jeep Cherokee, hannun giya ya haɗe ta ɗaya da ta biyu a gurbi guda, direba ba ya iya riƙe ɗaya daga ciki, wanda shi ne ya sa dabarar makunni ta bazu a can.

A Kano akwai dalili na huɗu, wanda ya fi sauran nauyi, wato mutuwar kwamfutar kanta, wadda ake kira birenbos ko ƙwaƙwalwar mota. Samun wadda lambarta ta dace ba kullum yake da sauƙi ba. Haka ma idan an sauya wa mota inji da wani iri dabam, ƙwaƙwalwar sabon injin ba lallai ta iya magana da tsohon akwati ba. A irin wannan hali makunni yana iya mayar da mota kan hanya.

5.0 Hanyoyin Haɗa Wayoyin

5.1 Sallamar Kwamfuta Gaba Ɗaya

A wannan hanya ana raba wayoyin S1 da S2 da SL da kwamfuta, a naɗe ƙarshen da ya fito daga kwamfutar. Sai a ɗauko wuta daga layin da ba ya kawowa sai an murɗa makulli, don kada batir ya tsiyaye cikin dare, a sa masa fiyus ƙarami. Lissafin fiyus ɗin a fili yake: bolt 12 a kan om 13 bai kai amfiya ɗaya ba, don haka solenoyid uku tare ba su wuce amfiya uku da 'yan kai ba, fiyus mai amfiya 5 ya wadatar.

Ana iya sa makunni biyu, ɗaya na S1, ɗaya na S2, amma hakan yana tilasta wa direba haddace jeri yana tsakiyar tuƙi. Abin da ya fi shi ne makunni mai murɗawa, mai matsayi huɗu. Matsayi na ɗaya yana kai wuta ga S1, na uku ga S2, na huɗu ba a haɗa shi da komai. Matsayi na biyu ne mai wuyar sha'ani, domin dole ya ciyar da wayoyin biyu. Idan aka murɗe su wuri ɗaya, sun zama waya ɗaya ke nan har abada, giya ta ɗaya da ta uku sun ɓace. Maganin shi ne dayod biyu, wato ƙaramar na'urar da take barin wuta ta wuce gaba amma ba ta barin ta dawo. Ɗaya ya tashi daga matsayi na biyu zuwa S1, ɗaya zuwa S2. Makunni mai hawa biyu yana yin aikin ba tare da dayod ba. SL kuma ana ba shi makunninsa dabam.

5.2 Raba Aiki da Kwamfuta

Idan ƙwaƙwalwar tana da lafiya, babu dalilin jefar da ita. Ana sa makunnin zaɓi, ko rile, a kan kowace waya, ta yadda solenoyid zai saurari kwamfuta a kan kwalta, ya saurari direba a jeji. Sharaɗi na farko shi ne kada wutar makunni ta taɓa komawa cikin kwamfuta, domin hakan yana iya ƙona sashen da yake aika umarni. Sharaɗi na biyu ya shafi tsegumin kwamfuta: da zarar ta ji babu solenoyid a ƙarshen wayarta, za ta kunna fitilar laifi. Ana rufe mata baki da wata na'urar turjiya mai om daidai da na solenoyid. Wannan na'ura takan yi zafi, domin tana shan wajen wat 11 zuwa 15, saboda haka ana zaɓar mai jure wat 25, a ɗaure ta a jikin ƙarfe, nesa da roba da kafet.

6.0 Iyakokin Dabarar da Haɗarinta

Makunni yana zaɓar giya, amma ba ya maye gurbin hannun giya. Fakin da ribas da firi suna nan a hannun babbar ƙofa. A waɗannan gurabe kwamfuta takan ajiye S1 a kunne, S2 a kashe, don haka ƙa'ida ita ce a mayar da makunni matsayi na ɗaya duk lokacin da aka tsaya.

Haɗari mafi girma yana kan gangara. A cikin akwatin akwai kamu mai hanya ɗaya, irin na ƙafar bayan keke, wanda feda take jan ƙafa amma ƙafa ba ta jan feda. Idan hannun giya yana kan D, giya ta ɗaya da ta biyu ta irin wannan kamu suke bi. Direban da ya murɗa makunni zuwa ɗaya a kan gangaren dutse, yana zaton inji zai riƙe masa mota, zai ji ta sulale kamar tana firi. Riƙon inji ba ya samuwa sai an ja hannun giya zuwa 2 domin giya ta biyu, ko L domin ta ɗaya, saboda a nan ne ake kama ƙarin birkin cikin akwati. Makunni bai san wannan ba.

Na biyu, kwamfuta ba ta yarda a sauko giya idan gudu ya yi yawa, makunni kuwa ba ya musu. Injin da ke juyi 4,000 a minti a giya ta uku, idan aka jefa shi ta biyu hannun giya yana kan 2, zai nufi juyi 6,124, wanda ya haura jan layin yawancin injunan waɗannan motoci, balle na dizal.

Na uku ya shafi SL. Idan aka manta shi a kunne aka tsaya a giya ta biyu ko sama, inji zai mutu kamar motar manuwal da ba a taka mata kuloci ba. Idan aka manta shi a kashe a doguwar tafiya, kwambata za ta yi ta zamewa, mai ya yi zafi ya ƙone, musamman a watan Afrilu da zafin Kano yake kaiwa digiri 40. Ana rage haɗarin farko da rile da yake yanke SL idan aka taka birki, kamar yadda kwamfuta take yi.

Na huɗu shi ne iyakar zamani. Dabarar tana tafiya ne a tsofaffin akwatuna domin matsin mai a cikinsu wata igiyar ƙarfe ce daga totur take daidaita shi. A na baya-bayan nan, da kuma A750F mai giya biyar da ya shiga Land Cruiser a farkon shekarun 2000, an miƙa matsin ga wani irin solenoyid da ba ya aiki da kunnawa da kashewa kawai. Kwamfuta tana tsinka masa wuta ne da sauri ƙwarai, ana auna masa ita kaɗan-kaɗan. Turjiyarsa ba ta kai rabin ta na farko ba. Wanda ya ɗora masa wutar batir kai tsaye ya bar ta yana iya ƙona shi, wanda kuma ya bar shi ba umarni ya bar faiba ba matsin da ya dace. Irin waɗannan akwatuna sai da wata kwamfuta ta musamman.

7.0 Kalmomin Aikin a Hausa

Bayanin da ya gabata ya yi amfani da kalmomi iri uku. Akwai na aro da suka daɗe da zama 'yan gida, kamar birki da kuloci da fulogi da lagireto da totur da sitiyari. Sun bi ƙa'idojin da aka sani: an raba baƙaƙen da suka zo a jere da wasali, sautin leɓɓa da Hausa ba ta da shi ya koma "f" ko "b", galibi kuma an rufe kalma da wasali. Irinsu sun shiga ƙamusoshi, ciki har da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 da na Paul Newman na 2007. Akwai na aro sababbi, kamar birenbos da kwambata da solenoyid, waɗanda furucinsu da rubutunsu ba su zauna ba tukuna. Akwai kuma kalmomin gida da aka faɗaɗa ma'anarsu, mafi yawa daga jikin ɗan Adam: ƙafa, haƙori, kai, ƙwaƙwalwa.

Duk waɗannan sunaye ne na abin da ake iya ɗauka a hannu. Matsalar tana wajen abin da ba a gani. Kalmar "wuta" a bakin mai mota tana nufin cajin batir, da tartsatsin fulogi, da hasken fitila, da gudu, kamar a "ba ta wuta". A bakin ɗan rewaya kuma tana ɗaukar aƙalla abu uku da kimiyyar lantarki ta raba: ƙarfin da yake tura lantarki, da yawan lantarkin da yake gudana, da saƙon da kwamfuta take aikawa. Jimlar "akwai wuta a wayar" gaskiya ce a kan wayar S1, gaskiya ce kuma a kan wayar sabon solenoyid mai auna matsi, domin kwan gwaji yana iya kamawa a duka biyun. Amma ta farko wuta ce tsayayya, ta biyu tsinkakkiya ce mai ɗauke da awo. Yaron da harshensa bai raba su ba, da wuya hannunsa ya raba su.

Haka nan "giya" tana nufin akwatin, da hannun, da gurbin da hannun yake, da kuma matakin da akwatin yake ciki. Haɗarin gangara da aka bayyana a sama ya taso ne daga rikita na uku da na huɗu: mota tana "giya ta ɗaya" ta fuskar mataki, amma tana D ta fuskar gurbi.

Hausa ba ta rasa kayan aikin cike wannan giɓi ba. Tsarin haɗa aikatau da suna ya ba da hana-salla, tsarin jimla kuma ya ba da a-kori-kura da a-daidaita-sahu, waɗanda duk a bakin jama'a aka haife su. A bisa wannan tafarki ana iya ba da shawarar waɗannan: matsin wuta ga abin da ake aunawa da bolt, gudanar wuta ga abin da ake aunawa da amfiya, turjiya ga abin da ake aunawa da om, tsayayyar wuta da tsinkakkiyar wuta ga nau'o'in saƙo biyu, hana-komawa ga dayod, famfon maganaɗisu ga solenoyid, kamun keke ga kamu mai hanya ɗaya, gurbi ga matsayin hannun giya, mataki kuma ga giyar da akwati yake ciki. Ba a nufin su kori kalmomin aro. Ɗan rewaya zai ci gaba da neman dayod a kasuwa da sunan da mai shago ya sani. Amfanin hana-komawa shi ne sunan da kansa yana faɗa wa yaro aikin abin, da dalilin da ya sa juya shi baibai yake ɓata haɗi.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa giya huɗun akwatin A340 a kan haɗin wayoyi biyu suke, kuma sanin wannan jeri yana da amfani biyu: yana ba da damar sarrafa giya da makunni a rairayi da laka, yana kuma hana a sayi akwati saboda laifin waya. Ta nuna cewa makunni ba ya ba da riƙon inji a giya ta ɗaya da ta biyu a kan D, ba ya hana saukowa giya a kan gudu, kuma ba ya aiki a sababbin akwatuna. Ta fuskar harshe, an ga cewa Hausa ta ɗauki bayanin gaba ɗaya, sai a wuri biyu da kalma ɗaya take ɗauke da kaya fiye da kima, wato "wuta" da "giya". Aikin samar da keɓaɓɓun kalmomi da aka yi wa nazarin harshe da adabi, wanda ya fito a littafin da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990, yana da kyau a yi wa lantarkin mota irinsa. Hakan zai buƙaci masana harshe su zauna da malaman kwalejojin fasaha da ƙungiyoyin kanikawa, a gwada kowace kalma a bakin masu aikin kafin a shigar da ita ƙamus, domin a gareji ne za a san wadda za ta rayu.